Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Muna Neman Dokar Jiha Kan Tsaron Makarantunmu



A farkon daminar bara iska ta yaye rufin aji biyu a wata firamare da ke ƙarƙashin wannan reshe namu. Allah ya taƙaita, da dare abin ya faru, babu yaro ko ɗaya a ciki. Da gari ya waye muka tarar da kwanon a gonar maƙwabci, katakon rufin kuma ya karye ya faɗo a daidai layin bencin da 'yan aji uku suke zama. Tun da rani shugaban makarantar ya ga gara ta cinye katakon, ya rubuta takarda ya kai ofishin sakataren ilimi, aka ce masa babban gyara irin wannan na hukumar jiha ne. Da ya je can aka ce sai an sa makarantar cikin jerin ayyukan shekara. Ya dawo ƙaramar hukuma, aka ce babu kuɗi. Amma da rufin ya tashi, kafin mako ya zagayo takardar tuhuma ta iso, ana tambayarsa dalilin da ya sa ya bar yara suna karatu a ɗakin da ya san ba shi da lafiya.

Babu malamin da ya daɗe yana riƙe alli da ba shi da labari makamancin wannan. Na wani katanga ce ta rushe, na wani rijiya ce ba murfi a tsakiyar fili, na wani kuma masai ne ya rufta. Duk labaran a wuri ɗaya suke tsayawa, wato kafin abu ya faru ba a san mai alhaki ba, bayan ya faru kuma malamin da ke wurin ake kamawa. Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, wannan ciwo ba zai warke ba sai Majalisar Dokokin jiharmu ta yi doka guda a kan tsaron makarantun gwamnati, wadda ta ambaci ofishin da ke da alhakin kowane abu, ta yanka masa wa'adi, ta ware kuɗin aikin, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya yi sakaci.

Wani zai ce ai an daɗe ana rubuce-rubuce a kan wannan batu. Gaskiya ne, takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a daren 14 ga Afrilu, 2014, an ƙaddamar da Shirin Tsare Makarantu a Abuja cikin watan Mayu na shekarar, tare da tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown. A 2015 Nijeriya ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Tsare Makarantu da aka buɗe a birnin Oslo na ƙasar Norway, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya tabbatar da ita a 2019. A 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da cin zali a makarantu, tare da kundin mafi ƙarancin sharuɗɗan da ya kamata kowace makaranta ta cika, kuma a watan Oktoba na shekarar Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya na huɗu a kan waccan yarjejeniya. A ƙarshen 2022 aka fito da tsarin samar da kuɗin tsare makarantu na 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta a kan naira biliyan 144.8, sannan aka buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa ga makarantu a ƙarƙashin rundunar Sibil Difens.

A cikin waɗannan shekaru da ake ta taro ana sa hannu aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi a 2018, da ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, ban da Kagara da Tegina da Birnin Yawuri. A Kuriga ta jihar Kaduna, ranar 7 ga Maris, 2024, da safe aka far wa makarantar, yara ba su daɗe da watsewa daga taron safe ba, har da 'yan firamare irin waɗanda muke koyarwa. Yara 137 suka dawo, malamin da aka tafi da shi tare da su bai dawo ba. A watan da ya biyo baya asusun UNICEF ya fitar da rahoton binciken da ya yi a jihohi 10, inda ya nuna kashi 37 cikin ɗari kacal na makarantun ne ke da wata hanyar samun gargaɗi kafin haɗari ya iso.

Me ya sa takardun ba su isa aji ba? Dalilin farko shi ne manufa daban, doka daban. Manufa nufi ne da gwamnati ta bayyana, idan jami'i ya bi ta a yaba masa, idan ya ajiye ta a durowa babu kotun da za ta kira shi. Hatta sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, yana cikin babi na biyu ne, babin da kundin da kansa ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Dalili na biyu shi ne, firamaren da muke aiki a ciki ba ta gwamnatin tarayya ba ce. Tana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Abin da aka rubuta a Abuja ba ya ɗaure kwamishina ko sakataren ilimi sai majalisar jiha ta mayar da shi dokarta. Mun ga haka da Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda ba ta fara aiki a jihohi ba sai da kowace ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Kano sai a 2023, shekara ashirin cif bayan ta tarayya. Idan muka zauna jiran manufar 2021 ta sauko da kanta, 'yan aji ɗayanmu na yau za su aurar da 'ya'yansu kafin ta iso.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata mu gyara tun daga tushe. Da zarar an ce tsaron makaranta, hankalin kowa sai ya tafi ga 'yan bindiga, kuma ba mu ga laifin kowa ba, domin wanda ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara dole ya tsorata. Sai dai yawancin makarantunmu ba su taɓa ganin ɗan bindiga ba, amma kowace rana suna kwana suna tashi da haɗarin gini da na wuta da na ruwa da na hanya. A watan Yulin 2024 benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu. A maƙwabciyarmu Nijar, gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilun 2021 ta kashe yara kusan 20, ta sake kamawa a Maraɗi cikin Nuwambar shekarar ta kashe sama da 20, har gwamnatin ƙasar ta hana sa ƙananan yara 'yan share fage a irin waɗannan rumfuna. A Ƙauran Namoda kuma, cikin Fabrairun 2025, almajirai 17 suka ƙone a makwancinsu. Wuta ba ta tambayar ko makaranta ta gwamnati ce ko ta allo, kuma duk wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin da ya kamata ya yi da nasa.

Mu da muka fito kwalejin ilimi da takardar NCE sama da shekara ashirin da suka wuce, an koya mana shirya darasi da riƙe rajista da sanin halayyar yaro. Ba wanda ya koya mana yadda ake fitar da aji cike maƙil ta ƙofa ɗaya idan hayaƙi ya turnuƙe, alhali tagogin duk an toshe su da ƙarfe saboda ɓarayi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya ga yara 35, mu kuwa mun san azuzuwan da suka ninka haka sau biyu har sau uku. Cunkoso ana lissafa shi a matsayin matsalar koyarwa, amma ranar da aka firgita yara suka ruga ƙofa gaba ɗaya, ranar za a gane cewa matsalar rai ce.

To, wace irin doka muke nema? Abu na farko, ta raba alhaki dalla-dalla da sunan ofishi. Ta faɗi wanda ke da alhakin rufi da bango da katanga, da wanda ke da alhakin ruwan sha da makewayi, da wanda zai ɗauki maigadi ya biya shi. Ta ce idan shugaban makaranta ya kai rahoton haɗari a rubuce, dole a ba shi shaidar karɓa mai kwanan wata, a turo mai dubawa cikin kwanaki ƙayyadaddu, a kuma ba shi amsa a rubuce. Daga ranar da aka karɓi takardar nan, alhakin ya tashi daga wuyan malami ya koma wuyan ofishin da ya karɓa. Wannan ya ƙara zama dole tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, domin matuƙar ba a fayyace ba, jiha za ta riƙa nuna ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma tana nuna jiha, yara kuma suna zaune ƙarƙashin katakon da gara ta ci.

Na biyu, ta wajabta duba kowace makaranta sau ɗaya a shekara kafin faɗuwar damina, kuma masu dubawar su haɗa da injiniyan gini da jami'in kwana-kwana da duba-gari. Jami'an da ke zuwa mana yanzu littafin shirin darasi suke buɗewa, su ƙirga rajista, su duba ko mun sa hannu da wuri. Aikinsu ke nan kuma yana da amfani, amma ba su da ilimin sanin ko bango zai kai baɗi. Sakamakon dubawar a manna shi a ƙofar ofishin shugaban makaranta, a kuma ba kwamitin kula da makaranta na unguwa kwafi, domin uban da ya turo ɗansa yana da haƙƙin sanin halin ɗakin da ake zaunar da shi. Haka nan duk sabon ginin da ɗan kwangila ya gama, kada a biya shi kuɗin ƙarshe sai injiniya ya sa hannu kuma kwamitin makarantar ya shaida. Mun ga azuzuwan da aka buɗe da guɗa, kafin damina biyu silin ya zubo, daɓen ya farfashe.

Na uku, ta ba shugaban makaranta ikon rufe aji, ko sallamar yara gaba ɗaya na yini ko biyu, idan ya ga haɗari a fili ko ya sami labari mai tushe daga mai unguwa ko jami'an tsaro, ba tare da jiran izini daga sama ba, in dai ya sanar da ofis a ranar. Ta kuma hana a tsangwami malamin da ya kai rahoto. Kowa a cikinmu ya san abokin aikin da ya yi magana a kan ginin da aka ha'inta, bai ankara ba sai ga takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta zuwa. Muddin faɗin gaskiya yana jawo wannan, kowa zai kama bakinsa, kuma mai dubawa ba zai taɓa sanin abin da mai ɗaki ya sani ba.

Na huɗu, kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana kokawa cewa biliyoyin naira suna kwance a wurinta saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Dokar da muke nema ta wajabta wa jiha biyan wannan kaso a kan lokaci, ta keɓe wani yanki nasa domin katanga da rufi da ruwa da makewayi, ta kuma tanadi ɗan kuɗin gyara da zai shiga asusun kowace makaranta kai tsaye duk zango, ƙarƙashin sa hannun shugaban makaranta da shugaban kwamitin unguwa. Kwano biyu da ƙusa da ladan kafinta a watan Maris sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sabon rufi a watan Yuli.

Na biyar, atisaye da horo. Kowane zango a gwada wa yara abin da za su yi idan an buga ƙararrawar haɗari, ta ina za su fita, a ina za su taru, wa zai ƙirga su. Kowace makaranta ta sami akwatin agajin gaggawa da malami aƙalla ɗaya da aka horar a kansa, da lambar wayar ofishin 'yan sanda da na Sibil Difens mafi kusa, lambar da aka gwada aka ga ana ɗauka. A makarantun da ke bakin daji kuwa, dokar ta tanadi inda za a mayar da yara idan an rufe, domin rufe makaranta ba tare da wani tanadi ba shi ne ainihin abin da maharan ke so. Yarinyar da aka sallama gida sai baba ta gani, sau da yawa ɗakin miji take ƙarewa, yaron kuma kasuwa ko gona.

Na shida, dokar ta tuna da malamin kansa. A Maga ta jihar Kebbi, cikin Nuwambar 2025, mataimakin shugaban makarantar aka kashe a daren da aka sace 'yan matan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi ma'aikatan gwamnati, amma mu nawa ne muka san hanyar da iyalan malamin da ya rasu a bakin aiki za su bi su karɓi haƙƙinsu? Muna so dokar jiha ta fayyace diyyar da wa'adin biyanta, ta kuma ɗauki nauyin karatun marayun da ya bari. Matanmu da mazajenmu da ke karanta wannan shafi su ne ke zaman zullumi duk ranar da muka hau babur muka nufi makarantar ƙauye, kuma sun cancanci su san abin da doka ta tanadar musu.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce dokoki nawa aka yi aka bar su a kabad? Wannan magana tana da nauyi, ba kuma za mu yi riya cewa doka ita kaɗai za ta ɗaura katako ba. Amma akwai bambanci tsakanin mai roƙo da mai bin bashi. Yau idan shugabannin ƙungiya suka shiga ofishin kwamishina a kan rufin makaranta, alfarma suke nema. Ranar da doka ta ce a gyara cikin kwana kaza, haƙƙi suka je karɓa, kuma lauyan ƙungiya yana da sashen da zai karanta wa alƙali. Za a kuma ce babu kuɗin katange dubban makarantu a shekara ɗaya. Mun yarda. Shi ya sa muke so dokar ta jera makarantu bisa girman haɗarinsu, ta fara da na kwana da na bakin daji da waɗanda babbar hanya ta ratsa gabansu, ta kuma sa a riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara kan inda aka kwana. Murfin rijiya da atisayen ƙararrawa da shaidar karɓar takarda kuwa, kusan ba su cin komai.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, dokar nan za ta hau kanmu mu ma, kuma haka ya kamata. Manufar 2021 ta haɗa tsaro da kawar da cin zali a wuri ɗaya, domin yaron da ke tsoron bulalar malaminsa har ya ƙi zuwa makaranta, shi ma bai tsira ba. A cikinmu akwai masu dukan da ya wuce tarbiyya, akwai masu aiken yara sayen abinci su tsallaka kwalta a lokacin darasi, akwai masu barin aji babu kowa su tafi hira gindin bishiya. Akwai kuma, Allah ya kiyaye, 'yan tsirarun da ke cin amanar 'ya'yan mutane, a yi musu canjin makaranta a rufe maganar. Ƙungiyar da ke kare irin waɗannan ta zubar da bakin da za ta nemi kariya ga sauran 'ya'yanta. Muna goyon bayan a sa hanyar da yaro ko uwa za su kai ƙorafi a asirce, a yi bincike na adalci wanda za a saurari malamin, wanda aka samu da laifi kuma a miƙa sunansa ga hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, da kotu.

Abin da ya rage shi ne aikin da ke gabanmu a wannan reshe. Muna roƙon kowane wakilin makaranta, kafin taronmu na gaba, ya zagaya makarantarsa tare da shugabanta da mutum ɗaya daga kwamitin unguwa, su rubuta abin da suka gani a takarda ɗaya, su ɗauki hoto da waya. A rubuta yawan azuzuwan da rufinsu ke yoyo, da tsawon katangar da ta rushe, da halin ruwa da makewayi, da ko akwai maigadi da wanda ke biyansa. Duk takardar da aka kai ofis daga yau, a ajiye kwafinta a makaranta, a kawo wa sakataren reshe ɗaya. Idan muka tara wannan, sai shugabanninmu su kai wa uwar ƙungiya ta jiha, mu kuma mu nemi ɗan majalisar mazaɓarmu a gida, tare da iyayen yara da hakimi da limamai, mu nuna masa hotunan makarantar da shi ma wataƙila a cikinta ya koyi baƙi da wasali. Kowane ɗan majalisa yana da ikon gabatar da ƙudiri, kuma idan aka kira zaman jin ra'ayin jama'a, muna so a same mu a sahun gaba da takardunmu a hannu.

Rufin da muka ba da labarinsa a farko, iyayen yara ne suka yi karo-karo aka mayar da shi, bayan 'yan aji uku sun shafe zango guda a gindin darbejiya, ranar da aka tashi da hadari kuma a sallame su tun hantsi. Aji na biyun har yanzu a buɗe yake, ga kuma wata daminar tana ƙaratowa.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya jiƙan malamai da ɗaliban da suka rasa rayukansu a hanyar neman ilimi, ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke amanar da suka ɗauka. Amin.